Yadda ake zaɓa ko haɗa makwararar ruwa a tankin kifin ruwan gishiri

Makwararar ruwa ita ce hanyar da ruwa ke bi ya sauka daga tankin gilashin da ake kiwon kifin teku a ciki zuwa wani tanki na biyu da ake ajiyewa a ƙarƙashinsa. A wannan tanki na ƙasa ake tace ruwan, a daidaita ɗuminsa, sannan inji ya sake tura shi sama. Haka ruwan yake kewayawa dare da rana, muddin akwai wutar lantarki.

Aikinta ya yi kama da na indararo a kan soro. Ruwan da ya haura wani mizani shi kaɗai ke fita, sauran kuwa ya tsaya inda yake. Sai dai indararo waje yake zubar da ruwansa, ita kuwa makwarara a cikin ɗaki take, kusa da soket da wayoyin lantarki. Ruwan da take ɗauke da shi kuma na gishiri ne, wanda ke cin ƙarfe, yake kuma ɗaukar lantarki fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. Idan ta gaza, ruwa zai malale ɗaki, inji ya ƙone saboda aiki a bushe, kifaye da murjani masu tsada su mutu.

Kusan kowace makwarara tana aiki lafiya yayin da wuta ke nan kuma bututu yake a buɗe. Ana gane ingancinta ne a lokuta 3: sa'ad da aka ɗauke wuta, sa'ad da aka dawo da ita babu kowa a gida, da sa'ad da wani abu ya toshe bututu. A wuraren da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, kamar yawancin garuruwan Najeriya, lokuta biyun farko na iya maimaituwa sau da yawa a yini guda. Saboda haka a kansu ya kamata a gina zaɓi.

Asalin tsarin

Kiwon halittun teku a cikin gilashi ya samo asali ne daga Turai a ƙarni na 19. A shekarar 1832 wata Bafaranshiya mai binciken halittu, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi domin nazarin halittun teku a garin Messina da ke tsibirin Sisili. A 1853 gidan namun daji na birnin Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo.

Matsalar da ta addabi waɗannan tankuna na farko ita ce ruwan da ba ya motsi yakan lalace. William Alford Lloyd, ɗan ƙasar Ingila, ya shahara wajen magance wannan matsala. A gidan kifi na Crystal Palace da aka buɗe a Landan a 1871, ya yi amfani da manyan matattarar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu. Inji na tura ruwa zuwa tankunan kallo, rarar kuma ta kwarara ta koma matattara. An bi irin wannan tsari a gidan kifi na birnin Naples a Italiya, wanda aka buɗe a 1874, kuma yana aiki har yau. Abin da masu kiwo ke yi a gidajensu a wannan zamani ƙaramin samfurin wannan dabara ne.

Yadda tsarin yake aiki

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne inji ne ke ƙayyade yawan ruwan da ke kewayawa. Makwarara ba ta jan ruwa da kanta. Duk litar da inji ya tura sama, ita ce ke ture wata lita ta tsallake bakin makwarara ta gangaro. Idan inji ya tsaya, kwarara ta tsaya jim kaɗan bayansa. Sharaɗin kawai shi ne bututun saukar ruwa ya iya ɗaukar fiye da abin da inji ke turawa.

Ana ɗibar ruwan daga sama ne saboda dalili. Maiƙo da dauɗar da ke fitowa daga abinci da kashin kifi suna taruwa a saman ruwa, su yi wata 'yar fata mai ƙyalli. Wannan fata tana rage shigar iskar oksijin, tana kuma tare hasken da murjani ke buƙata. Makwarara na yaye ta a kai a kai, ta kai ta tankin ƙasa inda na'urar kumfa ke fitar da dauɗar.

Tankin ƙasa yana da wasu fa'idoji. Yana ƙara yawan ruwan tsarin gaba ɗaya, kuma ruwa mai yawa ba ya saurin canza ɗumi ko gishiri. Wannan muhimmin abu ne ga halittun da suka saba da ruwa mai gishiri kusan giram 35 a kowane kilo, da ɗumin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos ba. Yana kuma ɓoye hita da matata da sauran kayan aiki. Bayan haka, tsayin ruwa a tankin kallo ba ya sauyawa, domin duk ruwan da ya ƙafe a tankin ƙasa ake ganin giɓinsa.

Hanyoyin fitar da ruwa daga tanki

Hanya ta farko ita ce akwatin ratayawa, wanda ake amfani da shi a tankin da ba a huda ba. Akwatuna biyu ne, ɗaya a cikin tanki, ɗaya a bayansa, da wani lanƙwasasshen bututu da ya haɗa su ta saman gilashi. Ruwa na haurawa ta cikin bututun ne ta hanyar zuƙo, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. An tsara akwatunan yadda bakunan bututun biyu za su kasance cikin ruwa ko da inji ya tsaya, domin zuƙon ya ci gaba da kansa idan wuta ta dawo.

Rauninsa iska ce. Ƙananan kumfa na taruwa a ƙololuwar bututun, musamman idan gudun ruwa ba shi da ƙarfin da zai kore su. Idan suka yi yawa sai zuƙo ya yanke. Inji kuwa bai san an yi ba, zai ci gaba da tura ruwa sama har tanki ya tumbatsa. Wasu nau'o'in akwatin suna dogara da wani ƙaramin inji mai tsotse iskar, wanda shi ma yana iya toshewa ko ya mutu. Wanda ba shi da zaɓi sai wannan hanya, ya kamata ya haɗa ta da makunni mai yawo a kan ruwa, wanda zai kashe babban inji da zarar ruwa ya haura iyaka.

Hanya ta biyu ita ce huda gilashin tanki, ta baya ko ta ƙasa, a ɗaura mahaɗi mai zare a hujin, a haɗa bututu. Ruwa a nan ba ya haura komai, gangarowa kawai yake yi, don haka babu zuƙon da zai yanke ya jawo ambaliya. Ana kewaye hujin da wani akwati ko katanga a cikin tanki, wadda bakinta shi ne ke ƙayyade tsayin ruwa. Wannan katanga ita ce kariya ta farko. Idan babu ita kuma huji yana ƙasa, duk ruwan tanki zai tsiyaye idan mahaɗi ya samu matsala.

Akwatin na iya kasancewa gaba ɗaya a ciki, a lungu ko a tsakiyar bangon baya. Irin wannan yana cin wuri, amma yana ba da damar jingina tanki da bango. Yana kuma iya zama siriri a ciki, da babban akwati a waje inda bututai suke. Wannan ya fi barin fili ga kifi, ya fi sauƙin sa hannu, sai dai yana buƙatar tazara tsakanin tanki da bango. Akwai kuma katangar da ke tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, tsawon bangon baya duka, wadda ake dangantawa da marubucin nan kan kiwon murjani, Anthony Calfo. Hikimarta ita ce gwargwadon tsawon baki, gwargwadon sirantar ruwan da ke tsallake shi, kuma siririn ruwa ya fi yaye dauɗar sama, ya fi yin shiru.

Yawancin katangu suna da haƙora kamar matsefi domin hana kifi faɗawa. Haƙoran suna rage faɗin hanyar ruwa da kusan rabi, kuma gansakuka na saurin kama su. Wasu masu kiwo sun fi son baki mai santsi da murfi a kai, wanda ya bar 'yar tazara kaɗan.

Hanya ta uku ita ce tankin da aka raba bayansa da katanga, aka mayar da wannan ɓangare wurin tacewa. Ruwa ba ya fita daga tanki ko kaɗan, don haka haɗarin ambaliya kusan babu shi. Wurin ajiye kayan aiki ne ke da ƙaranci. Ga ƙaramin tanki, ko ga mai fara kiwo, wannan hanya ce ta fi kwanciyar hankali.

Tsarin bututai

Idan aka bar bututu a buɗe a cikin akwati, ruwa da iska za su riƙa kokawa a cikinsa, ya riƙa ƙara kamar ana kuskure baki. Ruwa na sauka shiru ne a yanayi biyu kawai. Na farko idan kaɗan ne, yana bin jikin bututu, ya bar tsakiya ga iska. Na biyu idan ya cika bututun maƙil babu iska ko kaɗan. Tsare-tsaren da suka shahara duk sun ginu ne a kan wannan ƙa'ida.

Tsarin Durso, wanda ya samo suna daga Richard Durso, bututu ɗaya ne a tsaye. A samansa akwai mahaɗi mai baki uku: baki ɗaya yana ɗauke da gwiwa mai kallon ƙasa wadda ke nutse cikin ruwa, na sama kuma an rufe shi da murfi mai ɗan ƙaramin huji domin shigar iska. Yana da sauƙin haɗawa, huji ɗaya kawai yake buƙata, kuma yana tashi da kansa idan wuta ta dawo. Amma idan ruwan ya yi yawa sai ya fara hawa da sauka yana gurnani. Gishiri kuma kan daskare ya toshe hujin iskar. Babban aibinsa shi ne rashin mataimaki: katantanwa guda ta isa ta toshe shi.

Tsarin Herbie bututu biyu ne. Na farko gajere ne, bakinsa a nutse kimanin santimita 15 ƙasa da bakin na biyu, kuma yana da bawul a kusa da tankin ƙasa. Ana rage bawul ɗin a hankali har bututun ya cika da ruwa babu iska, ruwan akwati ya tsaya daf da bakin bututu na biyu. Na biyun na ko-ta-kwana ne. Ba a sa masa bawul, kuma dole ya iya ɗaukar ruwan duka shi kaɗai idan na farko ya toshe. Tsarin yana da shiru ƙwarai, kuma bututun da ya cika da ruwa yana ɗaukar fiye da abin da irinsa mai haɗe da iska ke ɗauka. Sai dai yana buƙatar a riƙa taɓa bawul lokaci zuwa lokaci, saboda ƙarfin inji da tsabtar bututu na sauyawa.

Tsarin Bean Animal bututu uku ne. Na farko cikakken zuƙo ne mai bawul, kamar na Herbie. Na biyu buɗaɗɗe ne irin na Durso, yana ɗaukar 'yar rarar da na farko ya bari. A kansa akwai siririn tiyon iska da aka lanƙwaso bakinsa ya tsaya kaɗan sama da ruwan akwati. Idan na farko ya toshe ruwa ya taso, sai ya rufe bakin tiyon, iska ta daina shiga, bututu na biyu ya rikiɗe ya zama cikakken zuƙo ya kwashe ruwan. Na uku a bushe yake zaune, yana jiran ranar da biyun za su gaza tare. Wannan tsari ya fi sauran aminci, kuma bai cika buƙatar gyaran bawul ba. Kuɗinsa shi ne huji uku, akwati mai faɗi da ƙarin kayan haɗi.

A tsarin Herbie da na Bean Animal, bawul mai murɗawa a hankali ya fi mai juyi guda dacewa, domin shi ne ke ba da damar daidaitawa kaɗan-kaɗan. Ƙarshen bututun zuƙo ya nutse cikin ruwan tankin ƙasa da santimita 2 zuwa 3 kacal. Idan ya yi zurfi, iska ba za ta fita da wuri ba, zuƙo kuma zai yi jinkirin tashi bayan dawowar wuta. Haka nan a guji shimfiɗa bututu a kwance mai tsawo, domin nan iska ke maƙalewa. Gwiwa mai digiri 45 ta fi mai digiri 90. Ƙarshen bututun ko-ta-kwana kuwa a bar shi sama da ruwa, domin ƙarar zubarsa ta sanar da mutanen gida cewa akwai matsala.

Lissafin da ke hana ambaliya

Masu kiwo da yawa suna bin ƙa'idar cewa ruwan da ke bi ta tankin ƙasa a awa guda ya kai ninki 3 zuwa 5 na girman tankin kallo. A ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Idan aka ninka waɗannan aka raba da 1,000, za a samu lita 300. Ke nan ana buƙatar lita 900 zuwa 1,500 a awa. Adadin da aka rubuta a kwalin inji na lokacin da ba ya haura komai ne. Tsayin da ruwa zai hau da kowace gwiwa suna rage shi, don haka a duba jadawalin da kamfani ya bayar na ƙarfin inji a tsayi daban-daban. Motsin ruwa mai ƙarfi da murjani ke so kuwa aikin wasu ƙananan injuna ne da ake maƙalawa cikin tanki, ba a ɗora wa makwarara wannan nauyi.

Lissafi na biyu na ɗauke wuta ne. Idan inji ya tsaya, ruwan da ke sama da bakin makwarara zai ci gaba da sauka. Bayan haka, bututun da ke kawo ruwa sama zai juya ya zama mai zuƙowa ƙasa, har sai bakinsa ya fito daga ruwa ya sha iska. A tankin da aka ambata, kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 6 ce. Idan bakin bututun yana santimita 3 ƙasa da saman ruwa, lita 18 za su sauko. Idan yana santimita 10, lita 60 ne. A ƙara da ruwan da ke cikin bututai da na na'urar kumfa.

Dole tankin ƙasa ya kasance da filin karɓar wannan ruwa duka. Idan tsawonsa santimita 80 ne, faɗinsa 35, kowace santimita tana ɗaukar lita 2.8. Barin santimita 10 babu ruwa yana ba da lita 28, wanda ya ishi lita 18 har da rara, amma bai kai rabin lita 60 ba. Daga nan za a ga cewa ɗaga bakin bututun dawowa kusa da saman ruwa ya fi kowace dabara. Wasu na yin ɗan huji a jikin bututun ƙasa kaɗan da saman ruwa domin ya sha iska da wuri, wasu kuma na sa bawul mai hana ruwa komawa baya. Duka biyun suna taimakawa, amma gansakuka na toshe hujin, ƙwayar yashi ɗaya kuma na hana bawul rufuwa. Kada a gina lissafi a kansu.

Lissafi na uku na toshewar bututu ne. Ana raba tankin ƙasa da katangu, a keɓe wa inji ɗaki na ƙarshe. Idan hanyoyin sauka duka suka toshe, ruwan wannan ɗaki kaɗai inji zai iya turawa sama. Idan tazarar da ke tsakanin saman ruwa da bakin tankin kallo santimita 2 ce, tankin zai karɓi ƙarin lita 12. Ɗakin inji mai santimita 20 a 35, da ruwa santimita 15 sama da bakin inji, yana ɗauke da lita 10.5, wato ba zai iya cika tanki ya zuba ba.

Ƙaramin ɗaki yana da nasa sharaɗi. Tun da a nan ake ganin ƙafewar ruwa, yana saurin raguwa, musamman a lokacin hunturu ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ana cike giɓin da tataccen ruwa maras gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Idan an sa na'urar da ke cikewa da kanta, to kada randarta ta yi girman da zai iya jawo ambaliya idan na'urar ta ƙi tsayawa.

Huda gilashi da zaɓen kayan haɗi

Ba kowane gilashi ke huduwa ba. Gilashin da aka gasa domin ƙara masa ƙarfi yana tarwatsewa gaba ɗaya da zarar an taɓa shi da injin huda, kuma kamfanoni da yawa da shi suke yin gindin tanki. Ana tambayar wanda ya ƙera tankin. Ana kuma iya gwadawa ta hanyar sa fuskar waya ko ta kwamfuta mai haske a bayan gilashin, a duba ta tabarau mai tace ƙyalli ana juya shi. Idan aka ga layuka ko tabo-tabo, gasasshe ne, a ƙyale shi.

Ana hudawa ne da zagayayyen baki mai garin daimon, tanki babu ruwa, ana zuba ruwa a wurin domin kada ya yi zafi. Ba a dannawa, nauyin injin ya isa. Ana liƙa tef a ɗaya gefen domin guntun gilashin kada ya faɗo ya fasa wani bango. Huji ya yi nesa da gefen gilashi da kuma ɗan'uwansa aƙalla gwargwadon faɗinsa. A sayi mahaɗi kafin a huda, domin huji ya fi bututu girma: mahaɗin inci 1 da aka saba gani yana son huji na milimita 45, na inci ɗaya da rabi kuma milimita 60, amma masu kauri sun fi haka. Wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa mai aikin gilashi.

Zoben robar da ke hana yoyo yana zama ne a gefen kan mahaɗi, ba a gefen noti ba. Ana ɗaure notin da hannu, a ƙara ɗan juyi kaɗan. Matsewa da sifana na iya tsaga mahaɗi ko gilashi. A tallafe bututai da maɗauri a jikin teburin tanki, domin nauyinsu kada ya rataya a kan gilashi.

Bututun PVC shi ne aka fi amfani da shi. Kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa, ko da ɗan kaɗan ne. Wannan ya shafi bawul da maɗaurin tiyo. Silikon da za a liƙa katanga da shi ya zama zalla, wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, saɓanin irin na banɗaki. A kuma sani cewa silikon na kama gilashi sosai, amma ba ya kama robar akrilik da ƙarfi. Sa mahaɗi mai kwancewa kusa da inji da bawul yana sauƙaƙa cirewa domin wanki.

Ta fannin lantarki, soket ya kasance sama da tankin ƙasa, nesa da feshin ruwa. Kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. A sa na'urar da ke yanke wuta nan take idan lantarki ya zurara cikin ruwa.

Gwaji kafin a zuba gishiri

Bayan gam da silikon sun bushe gwargwadon umarnin da ke jikinsu, a cika tsarin da ruwan famfo, a bar shi yana aiki kwana ɗaya ko biyu ana duba kowace mahaɗa da busasshen tsumma.

Daga nan a kashe inji, a tsaya har ruwa ya daina sauka, a ga inda ya tsaya a tankin ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta samun iyaka ita ce a cika tankin ƙasa zuwa inda ake so yayin da inji ke kashe, a kunna, a jira ruwa ya daidaita, a ja layi a jikin ɗakin inji. Wannan layi ba a wuce shi wajen ƙarin ruwa.

Sai a kunna inji ba tare da taɓa komai ba, a ga ko makwarara za ta koma daidai da kanta cikin 'yan mintuna. A maimaita kashewa da kunnawa sau da yawa, har da kunnawa bayan daƙiƙa kaɗan, kamar yadda yake faruwa idan ana sauyawa zuwa janareta. A ƙarshe a rufe bawul ɗin babban bututu gaba ɗaya, a tabbatar na ko-ta-kwana ya kwashe ruwan. Tsarin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje bai isa a zuba masa kifi ba.

Kulawa ta yau da kullum

Murfi a kan akwati yana hana haske shiga, don haka gansakuka ba ta samun wurin yaɗuwa, yana kuma hana kifi tsallakawa ciki. Raga a bakin babban bututu na tare katantanwa, amma ita ma tana son wanki. A goge haƙoran katanga duk mako, a share hujin iska, a kuma jiƙa inji da bawul cikin ruwan tsami irin na binega duk bayan 'yan watanni domin narkar da farin dutsen da ke kama su. Yana da kyau a sake gwajin kashe inji duk wata, domin abin da ya yi aiki a ranar farko na iya toshewa daga baya.

Makwarara mai kyau tana hana ambaliya idan wuta ta ɗauke, amma ba ta ba kifi iska. Idan ruwa ya tsaya na sa'o'i, oksijin na raguwa, kuma ruwan gishiri mai ɗumi dama bai riƙe shi da yawa. Ƙaramin injin iska mai batir, ko haɗa injin motsa ruwa da inbata, shi ke cike wannan giɓi.

Wanne ya dace da wa

Ga ƙaramin tanki, mai ɗakin tacewa a baya ya wadatar. Ga sabon tanki matsakaici da za a iya hudawa, tsarin Herbie ya haɗa shiru da aminci da huji biyu kacal. Ga babban tanki, ko wanda ke ofis ko otal inda ake barinsa babu mai kula a ƙarshen mako, tsarin Bean Animal ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Tankin da aka saya da huji biyu a akwati ɗaya, ɗaya na sauka ɗaya na dawowa, ana iya mayar da duka biyun na sauka a tsarin Herbie, a bi da bututun dawowa ta bayan tanki. Akwatin ratayawa kuwa a bar shi ga tankin da ba ya huduwa, tare da makunnin kashe inji.

Lokacin yanke wannan shawara shi ne kafin a zuba ruwa. Ƙara huji ɗaya a tankin da babu komai a ciki aikin awa guda ne, amma ƙara shi bayan kifi da murjani sun zauna yana nufin kwashe su duka zuwa wani wuri, a zubar da ruwa, a sake farawa.